Sharhi: Wane Matashi Ne Muke Gani a Bidiyon Waƙoƙin Ɗalibanmu?

Yau za mu duba wani abu da ya shigo gidajenmu ta cikin aljihun 'ya'yanmu, wato bidiyon waƙoƙin da ɗalibai ke shiryawa da kansu. Duk lokacin da aka kammala jarrabawar WAEC da NECO, ko aka yaye ɗalibai a manyan makarantun Sakkwato, wayoyin matasa a Bodinga da Shagari sukan cika da irin waɗannan bidiyoyi. Aikin bai da wuya yanzu. Yara huɗu ko biyar su yi karo-karo, ɗaya ya shiga sutudiyo a birni mai fiyano ya ɗora masa kiɗa, wani ya ɗauki hoto da wayar yayansa, a tace da CapCut, a ɗora a TikTok ko a WhatsApp. Wanda ba shi da data a tura masa ta Xender, ko ya karɓa wurin masu turi a shagon cajin waya ranar kasuwa. Kakannin waɗannan yara sai mai hoto ya zo gari kafin su ga fuskarsu a takarda. Iyayensu sai ma'aikatan talabijin sun biyo tawagar gwamna kafin a ga garinsu a akwati. Su kuwa yaran yau kyamarar tana hannunsu, su ke zaɓar abin da za a gani. Abin da wannan sharhi ke son tabbatarwa shi ne, sun samu kyamarar amma har yanzu ba su juya ta wajen kansu ba, kuma maganin wannan yana hannun malamai da iyaye ta hanyar koyarwa, domin hani kaɗai ba zai kawo shi ba.

Mu fara da abin da ido ke gani. Yawancin waɗannan bidiyoyi fasalinsu ɗaya ne. Saurayi ya fito daga mota mai baƙin gilashi wadda aka roƙa ko aka yi haya na awa biyu, an ajiye ta a gefen titin filin jirgi ko a ƙofar wani otal a birni. Yana sanye da tabarau da sarƙa, abokansa sun kewaye shi, ɗaya yana watsa masa sababbin takardun kuɗi waɗanda za a tsince a mayar wa mai su da zarar an kashe kyamara. Idan hoton ya kusa kamo katangar laka ko jaki ko rumbu, sai mai ɗauka ya karkata wayar. Harshen waƙar ma an sauya shi: yaron da ya tashi yana Sakkwatanci tsantsa a gaban mahaifiyarsa, a waƙa sai ya koma Hausar finafinan Kano da gutsuren Turancin Legas. Wannan yaro kuwa, da asubar washegari, shi ne ke ɗaura injin ban-ruwa a bayan babur ya nufi fadama, ya buɗe wa ruwa hanya fangali bayan fangali, ya rufe da ƙasa da tafin hannunsa, ya san ranar da albasa ke son ruwa da ranar da ruwa zai ruɓar da ita, sannan ya wanke ƙafa ya sa kayan makaranta. Wannan gwaninta da wannan juriya ba su samu ko daƙiƙa ɗaya a bidiyonsa ba. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, kuma duk wanda ya san yaron ya san ba shi ne a hoton ba.

Lamarin 'ya mace ya fi wannan nauyi. A mafi yawan bidiyoyin, budurwa ado ce kawai. Tana zaune a gaban mota tana murmushi, ko tana tafe ana binta da kyamara, ko tana motsa baki a kan muryar da ba tata ba. Sau da yawa ba ita ta rubuta baitin ba, ba ita ta riƙe wayar ba, ba a kuma tambaye ta inda za a ɗora hoton ba. Amma idan surutu ya tashi a gari, ita ake nunawa da yatsa. Mun ga misalin wannan a kan manyan taurari, inda kowa ke gani. A watan Oktoban 2016 ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta kori jaruma Rahama Sadau saboda fitowar da ta yi a bidiyon waƙar mawaƙi ClassiQ, kuma kusan duk hayaniyar da aka yi a kanta ta sauka. Ita babbar jaruma ce, tana da suna da hanyoyin ci gaba da sana'arta. Yarinyar aji shida a sakandaren 'yan mata ta Bodinga ba ta da ko ɗaya daga ciki. Bidiyon daƙiƙa talatin da aka ɗauka cikin raha ranar kammala jarrabawa zai iya fitowa bayan shekara uku, a hannun dangin mai neman aurenta. Zai iya zama hujjar da wani uba a ƙauye zai riƙe ya ce ƙanwarta ba za ta wuce firamare ba. A yankin da aka sha wahala kafin iyaye su yarda su bar 'ya'ya mata su kai sakandare, wannan asara ce da ta wuce ta yarinya ɗaya.

Sai kuma waɗanda ba a gani sam. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Bodinga mutum fiye da 175,000, ta ba Shagari fiye da 156,000, kuma tun daga lokacin an ƙaru sosai, mafi yawan ƙarin kuwa yara ne da matasa. Cikinsu akwai almajirin da ya haddace izu sittin yana kuma ɗinkin hula, akwai ɗan Fulanin da ke kiwo da safe ya je makaranta da rana, akwai masunci a madatsar ruwan Shagari, akwai yarinyar da ke soya awara ta sayi littafi, akwai ɗan kabu-kabu, akwai mai lalurar ƙafa da ke tura kekensa zuwa aji. Su ne matasan Sifawa da Danchadi da Dingyadi da ƙauyukan bakin ruwan Shagari, su ne mafi rinjaye, amma bidiyon ɗalibai bai san da su ba. A watan Afrilun 2022 kwalekwale ya kife da mutanen ƙauyen Gidan Magana a ƙaramar hukumar Shagari, mutum 29 suka rasu, galibinsu yara da matasa da suka tafi neman itacen girki. Allah Ya jiƙansu da rahama. Duniya ta ji labarinsu ne ranar da suka mutu. Yadda suke rayuwa kafin wannan rana, hanyar da suke bi, dalilin da ya sa sai an haye ruwa kafin a hura wuta a gida, waƙoƙin da suke rerawa a cikin jirgin, duk wannan sa'o'insu masu waya a hannu su ne suka fi kowa cancantar su nuna shi tun suna raye.

Kafin a ɗora wa yara laifi, ya kamata a tambayi inda suka samo wannan fasali, domin ba su suka ƙirƙire shi ba. Fim ɗin bidiyo na Hausa ya kama kasuwa ne daga 1990, lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya. Kafin a kai shekara 10, waƙa da rawa tsakanin saurayi da budurwa a cikin lambu sun zama ginshiƙin cinikin fim, kuma masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu sun yi bayani mai yawa a kan yadda aka ɗauko wannan salo daga finafinan Indiya da aka daɗe ana kallo a silimun Arewa. Daga nan waƙoƙin nanaye suka ɓalle suka zama kasuwa mai zaman kanta. Ta ɗaya gefen kuma bidiyon mawaƙan Legas da na Amurka suka kawo motoci da sarƙoƙi da watsa kuɗi. Sannan TikTok ya zo da nasa tsarin: yana tura wa mutum irin abin da ya riga ya tsaya ya kalla, yana kuma ɗaga wanda ya kwaikwayi abin da ke tashe. Yaron da ya buɗe ido ya tarar da wannan, bai taɓa ganin mai kama da shi a allo ana girmama shi ba, sai dai a fim ɗin barkwanci inda baƙauye shi ne abin dariya. Da ya samu kyamara sai ya yi abin da ya ga ana tafa wa. Mu manya mu muka sayi finafinan, mu muka bar masa wannan darasi.

Wani zai ce, to mene ne abin damuwa? Waƙa ai nishaɗi ce, kuma yaro yana da damar ya yi mafarkin mota da gidan sama. Wannan magana tana da gaskiya a cikinta. Babu mai hankalin da zai hana ɗan talaka burin arziki, kuma makaɗan fada na ƙasar nan, daga Ibrahim Narambaɗa zuwa Salihu Jankiɗi da Musa Ɗanƙwairo, sun yi waƙar dawaki da riguna da kyauta. Amma a waƙoƙinsu dukiya tana tafe da dalilinta: gado, jarunta, riƙon jama'a, alheri. Bidiyon yau yana nuna kuɗi ba tare da aikin da ya kawo su ba. Yaro ɗan shekara 12 da ke kallon yayyensa yana koyon cewa mutunci yana cikin mota, kuma hanyar da aka bi aka same ta ba abin tambaya ba ce. A ƙasar da matasa ke faɗawa damfarar intanet da bangar siyasa da shaye-shaye, a jihar da wasu sassanta ke fama da 'yan bindiga masu jan yara da kuɗi da babur, wannan darasi yana da haɗari. Akwai kuma illa ta biyu da ba a cika lura da ita ba. Duk lokacin da yaro ya karkata wayarsa don kada katangar gidansu ta fito, yana koya wa kansa jin kunyar ubansa. Wanda ya saba jin kunyar gida tun yana ƙarami, da wuya ya dawo ya gyara shi idan ya girma.

Wasu kuma a ɗaya ɓangaren suke. Su ce tunda abin ɓarna ne, a hana shi gaba ɗaya, a ƙwace wayoyin, a kori duk wanda aka kama. Damuwarsu ta tarbiyya ce kuma ta cancanci a saurare ta. A watan Yulin 2025 gwamnatin jihar Sakkwato ta haramta bukukuwan da ɗaliban sakandare ke yi ranar gama jarrabawa, irin na rubuce-rubuce a jikin riguna da yawo a titi, saboda rashin ɗa'ar da ke biyo baya, kuma iyaye da yawa sun yi na'am. Hukuma tana da ikon tsare harabar makaranta da titi. Amma tarihin Kano ya nuna iyakar abin da hani zai iya. An kafa hukumar tace finafinai a can a 2001. A 2007 aka ɗaure Adam A. Zango saboda kundin bidiyon waƙoƙinsa mai suna Bahaushiya, aka dakatar da shirya finafinai na wani lokaci, wasu masu sana'ar suka koma Kaduna da wasu garuruwa suka ci gaba. A wancan zamani ma ana buƙatar kyamara babba da kamfanin buga faifai da ɗan kasuwa, duk wuraren da hukuma za ta iya zuwa ta rufe. Yau duk wannan yana cikin waya ɗaya. Idan aka hana a fili, za a yi a ɓoye, inda babu malami, babu uwa, babu mai cewa wannan bai dace ba. Waɗanda za su bari su ne yara masu jin magana, filin kuma ya rage wa marasa ji.

Game da hukuncin addini, malamai ne masu magana, kuma saɓaninsu a kan kayan kiɗa tsoho ne. Amma tarihin wannan ƙasa tamu yana da abin da zai koya mana. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a Sifawa, cikin ƙasar Bodinga ta yau, daga wajen 1810 har zuwa 1815 da ya koma Sakkwato, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna a garin Bodinga. Sun tsananta a kan cakuɗar maza da mata da wasannin banza, wannan sananne ne. Duk da haka ba su jefar da waƙa ba. Sun rubuta waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa domin sun san baiti yana shiga inda littafi ba ya shiga. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta gina tsarin 'Yan Taru a kan wannan fahimta: jagororin mata da ake kira jaji suna zuwa wurinta su haddace waƙoƙin ilimi, su koma ƙauyuka su koyar da mata. A zamanin boko kuma, wani matashin malamin makaranta ɗan garin Shagari ya rubuta Waƙar Nijeriya a 1948, yana da shekara 23, domin ya koya wa ɗalibai labarin ƙasarsu da garuruwanta da mutanenta cikin Hausa. Shi ne Alhaji Shehu Shagari, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983. Magabatan nan sun tarar da abin da jama'a ke so, suka tsarkake shi, suka ɗora masa ilimi. Wanda ke ƙyamar fiyano yana iya yin bidiyo da murya zalla, kamar yadda ɗaliban Islamiyya ke rera ƙasidu ranar saukar karatu. Abin da ba zai yiwu ba shi ne garuruwan da suka ga wannan tarihi su ce ba su san yadda ake tarbiyya da waƙa ba.

Su kansu ɗaliban suna da tasu hujjar, kuma ita ce mafi ƙarfi. Za su ce, idan muka yi waƙar albasa da kamun kifi wa zai kalla? Mutane mota suke son gani. Amsar tana cikin tarihin waƙar Hausa. Muhammadu Bawa Ɗan Anace ya yi suna ne da waƙar 'yan dambe da manoma, mutanen da ƙura ke rufe wa jiki, kuma har yau ana sauraron waƙarsa ta ɗan dambe Shago. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya ɗauki kuntiginsa ya yi wa karen mota waƙa, ya ba yaron da kowa ke rainawa daraja, waƙar kuma ta zaga ƙasar Hausa. A zamanin nan, tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 ta jawo masu kallo da shirin Daɗin Kowa, labarin wani gari na talakawa da malamin tsangaya da 'yan gudun hijira da masu ƙananan sana'o'i, har ya ci kyautar Africa Magic a 2016. Mutane suna son ganin kansu idan aka nuna su da gwaninta da girmamawa. Akwai kuma lissafin kasuwa mai sauƙi. Yaron Shagari da ke kwaikwayon mawaƙin Legas yana takara da dubban masu kwaikwayo, da kuma shi mawaƙin na asali wanda motarsa tasa ce. Amma fitowar rana a kan madatsar Shagari, masunta na jefa koma, da karin harshen Sakkwatawa a bakin wanda aka haifa cikinsa, babu mai su sai shi. Abin da yake ɓoyewa shi ne jarinsa.

Akwai masu tsoron cewa nuna rayuwar ƙauye tallan talauci ne, kuma zai ƙara wa masu raina Arewa abin faɗa. Tsoron yana da tushe, domin an daɗe ana zuwa daga nesa a ɗauki hoton yaranmu da kwanon bara a tafi da shi taro. Bambancin yana ga wanda ya riƙe kyamarar. A Kano, wajen 2011 zuwa 2012, wasu almajirai tara sun samu horo da taimakon cibiyar Goethe ta Jamus da wata mai bincike, Hannah Hoechner, suka tsara labari, suka fito a ciki, suka ɗauki fim mai suna Duniya Juyi Juyi. Ba su ɓoye wahalarsu ba, amma sun nuna kansu a matsayin masu neman ilimi, masu aiki, masu tunani, sun kuma nuna yadda wulaƙancin da ake yi musu a gidaje da tituna ke yi musu ciwo. Baƙo yakan ga rashi kawai. Ɗan gida yana ganin rashin, yana kuma ganin dabara da zumunci da raha da ke tare da shi. Idan almajirai da ba su taɓa riƙe kyamara ba suka iya wannan bayan horo na ɗan lokaci, ɗalibin sakandare da ya riga ya iya tace bidiyo a waya ba abin da ya rage masa sai mai nuna masa hanya.

Nuna hanyar kuwa bai buƙatar kasafin miliyoyi, kuma ba zai ci lokacin karatu ba idan aka sa shi cikin karatun. Malamin Hausa yana koyar da waƙar baka da rubutacciya, da amsa-amo da karin waƙa, domin suna cikin manhajar jarrabawa. Zai iya ba aji aikin rubuta waƙa a kan sana'ar gidansu, a gyara ta a aji, sannan a ɗauke ta a bidiyo. Malamin tarihi ya kai su Sifawa. Malamin aikin gona ya sa su bi albasa daga iri zuwa buhu. Malamin addini ya zauna da su a fitar da iyakoki na sutura da kalamai da cakuɗa, su ji dalili, su sa hannu a ƙa'idar. Shugabannin makarantu su kafa sharaɗi ɗaya da ba a ɗaga ƙafa a kansa: ba a ɗora hoton kowane ɗalibi a intanet sai da yardarsa da ta iyayensa, kuma wanda ya yaɗa hoton yarinya ba da izini ba shi za a hukunta. Jihar nan tana da dokar kare yara tun 2021, ya kamata ɗalibai su san da ita. A makarantun 'yan mata a ba su wayar su riƙe, su rubuta, su shirya, su zaɓi abin da za a gani. Ɗaliban aikin jarida na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, da masu koyon malanta a makarantar da ke ɗauke da sunan Shehu Shagari, da sashen harsunan Nijeriya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, duk suna kusa, za su iya zuwa su horar da ƙannensu a lokacin hutu. Ƙananan hukumomin Bodinga da Shagari su sa gasa ta shekara-shekara tsakanin makarantu, gidajen rediyo da talabijin na jiha su sa waƙoƙin da suka yi nasara. Yaro yana bin inda ake yaba masa.

Saboda haka kiran farko gare ku ne iyaye. Ku ce wa yaranku su nuna muku abin da suka ɗauka, ku kalla tare, ku yaba inda suka yi kyau kafin ku gyara inda suka kauce. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ba a tanƙwara abin da ba a riƙe ba. Malamai da masu unguwanni da limamai, ku buɗe musu ƙofar gonaki da makarantun allo da wuraren tarihi, ku zama masu ba da shawara tun kafin a kunna kyamara. Ku kuma 'yan samari da 'yan mata na Bodinga da Shagari, kun iya abin da iyayenku ba su iya ba, kuma wannan baiwa ce da za a tambaye ku a kanta. Kafin ku ɗauki bidiyo na gaba, ku tambayi kanku ko mahaifiyarku za ta gane ku a cikinsa, ko ƙanenku zai koyi abin kirki, ko yarinyar da ta fito za ta yi farin ciki da shi bayan shekara 10. Ku mayar da motar aro ga mai ita. Ku ɗauki garinku da harshenku da sana'ar gidanku, ku sa abokanku da ba su samu shiga aji ba a cikin hoton, ku yi aikin da kyau yadda duk wanda ya gani zai girmama inda kuka fito. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa albarka a karatunsu da basirarsu.